Tufkakkiyar Waya da Yadda Ake Haɗa Kwamfutoci da Ita

1.0 Gabatarwa

Tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta ta zama ta kwamfuta baki ɗaya. Wannan ya ƙara wa ɗakin kwamfuta muhimmanci a makarantu, kuma sau da yawa malami ake damƙa wa kulawa da shi. A cikin birnin Kano, inda tsofaffin gine-gine ke da bango mai kauri, saƙon da ake aikawa ta iska yakan raunana kafin ya ratsa daga ɗaki zuwa ɗaki. Saboda haka waya ce abin dogaro, kuma ya kamata ɗalibi ya fahimci yadda ake haɗa ta.

2.0 Ƙirar Wayar

Idan aka feɗe rigar wannan waya, za a tarar da silin jan ƙarfe guda 8 waɗanda aka tufke bibbiyu, kamar igiyar rama da ake sayarwa a Kasuwar Kurmi. Kowane tagwai yana da launinsa: ruwan lemo da kore da shuɗi da ruwan ƙasa. Alexander Graham Bell ne ya yi wa dabarar rajista a Amurka a 1881 domin layukan tarho.

Hikimar tufkar ita ce, wayoyin lantarki da injina suna haifar da maganaɗisun da ke gurɓata saƙo. Idan sili biyu suka naɗe juna, gurɓatar takan same su daidai wa daida, sai na'urar da ke karɓar saƙon ta soke ta. Ke nan ingancin wayar yana tattare da tufkarta.

3.0 Matakan Haɗawa

(a) A feɗe rigar wayar kimanin santimita 3 ba tare da an yanki silin ciki ba.

(b) A jera silin bisa tsarin T568B: fari mai ratsin ruwan lemo, ruwan lemo, fari mai ratsin kore, shuɗi, fari mai ratsin shuɗi, kore, fari mai ratsin ruwan ƙasa, ruwan ƙasa.

(c) A datse bakinsu daidai. Kada warwarar ta wuce milimita 13.

(d) A zura su cikin kan waya da ake kira RJ45, a matse da filayar da aka yi domin haka.

(e) A maimaita wannan jeri a ɗaya bakin, sannan a auna da na'urar gwaji.

Akwai kuma tsarin T568A, wanda kore da ruwan lemo ke musanya gurbi a cikinsa. Duka biyun suna aiki, amma a tsaya a kan guda a gini ɗaya.

4.0 Kurakurai

Babban kuskure shi ne jera silin yadda aka ga dama, wai muddin bakunan biyu sun yi daidai. Ƙaramar na'urar gwaji za ta nuna lafiya lau, amma an raba tagwai, don haka saƙo zai riƙa tafiyar hawainiya ko yankewa. Haka kuma kada tsawon waya ya haura mita 100, kada kuma a kwantar da ita manne da wayar lantarki.

5.0 Kammalawa

An ga cewa kiyaye tufka da bin jerin launuka su ne ginshiƙin wannan aiki. Malamin da ya san haka zai iya duba aikin da aka yi wa makarantarsa kafin ranar jarrabawa ta tona asirinsa.