Idan Mai Manhajar Kiɗa Ta Kyauta Ya Gaji, Me Ya Rage?

Manhaja ta kyauta daban, buɗaɗɗiyar manhaja daban. Ta kyauta za ka sauke ka yi aiki da ita ba ko sisi, amma asalin rubutunta, wato umarnin da aka gina ta da shi, yana hannun mai ita. Ranar da ya gaji ko ya sami wani aiki, ta tsaya ke nan.

A harkar haɗa kiɗa wannan ba ƙaramar matsala ba ce. Fayil ɗin waƙar da ka haɗa yana dogara da manhajar da ta samar da sautin. Lokacin da Apple ya daina karɓar manhajoji masu tsarin 32-bit a macOS Catalina a 2019, duk manhajar sautin da mai ita bai sabunta ba ta daina tashi, tsofaffin ayyukan da aka yi da ita kuma suka ƙi fitowa yadda aka bar su.

Dubi ModPlug Tracker. Olivier Lapicque ya fitar da ita kyauta a 1997, da lokaci ya yi masa ƙaranci sai ya saki asalin rubutunta a 2004. 'Yan sa-kai suka ɗauka, suka raɗa mata suna OpenMPT, har yau ana sabunta ta, tana kuma buɗe waƙoƙin wancan zamani. Jeskola Buzz ba ta yi wannan sa'ar ba. A 2000 ma'ajiyar kwamfutar Oskari Tammelin ta lalace, rubutun ya salwanta, aikin ya tsaya cik sai a 2008 ya koma kansa. Da akwai kwafi a hannun jama'a, da ba a yi wannan dogon jira ba.

To me ya hana kowa saki? Wani kunyar a ga hargitsattsen rubutunsa yake ji, wannan kuwa ba hujja ba ce a ganina. Babban cikas shi ne lasisi. Manhaja kan ƙunshi guntayen rubutun wasu kamfanoni, kuma ba ka da ikon raba abin da ba naka ba. Winamp, duk da cewa ta sauraro ce ba ta haɗa kiɗa ba, ta faɗa wannan rami a 2024: an saki rubutunta da lasisi mai tsauri, aka gano kayan wasu a ciki, ba a jima ba aka janye shi.

Sakin ma ba ya isa shi kaɗai, sai an sami masu ɗawainiya. Surge, wadda a da sayar da ita ake yi, ta ci gaba ne saboda bayan Claes Johanson ya buɗe ta a 2018 an sami rukunin da ya riƙe ta, har ta zama Surge XT mai aiki a Windows da Mac da Linux.