Motar da ke mutuwa a tsaye: cok da ralanti

A rangadina na bana na tarar da wata tsohuwar Peugeot 404 ta ƙungiyar manoma, an loda mata buhunan wake, ta ƙi tashi tun asuba har hantsi. Kasuwa ta ci ba da su ba. Da muka duba, wani ɗan rami ne da bai fi bakin allura ba ya toshe. In da mai naƙuda za a kai gidan likita fa?

Tsofaffin motoci irin 404, da aka fara ƙerawa a 1960, da 504, da ta fito a 1968 kuma aka riƙa haɗa ta a Kaduna tun 1975, galibinsu da karburato suke aiki. Aikin karburato shi ne gauraya mai da iska: awo 1 na mai, kusan awo 15 na iska, bisa nauyi. In mai ya yi yawa ko ya yi kaɗan, sai inji ya ƙi zama.

Da safen ɗari mai ba ya tashi tururi da sauri. Shi ya sa aka yi cok, wanda a faransanci ake ce ma «starter». In kun ja shi, gaurayen ya ƙara mai. Ku ja, ku tada inji ba tare da taka totur ba. Da ya kama, ku maida rabi. Bayan ƴan mintoci ku maida shi duka. Tafiya da cok a jaye ɓarnar mai ce, kuma man da bai ƙone ba yana wanke baƙin man da ke kare silinda, inji ya tsufa da wuri.

Ga alamu uku da maganinsu.

1. Baƙin hayaƙi, warin mai, buji ya yi baƙi kamar gindin tukunya. Mai ne ya yi yawa. Ku duba wayar cok, ko tana komawa har ƙarshe. Ku duba matatar iska, don ƙurar hunturu tana toshe ta. In duka lafiya suke amma mai yana malala daga karburato, allurar da ke tsaida mai a kwanonsa ce ba ta rufewa.

2. Inji yana zama in cok yana jaye, da an maida shi sai ya mutu. Mai ne ya yi kaɗan. Sau da yawa jiklar ralanti ce ta toshe da datti. Ku kwance ta, ku wanke da mai, ku hura mata iska da famfon taya. Kada ku zura mata waya ko allura: ramin zai faɗaɗa, mota ta zama mai shan mai har abada. In ba ita ba ce, iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya. Ku saurara ko za ku ji huci, ku duba tiyo da ya tsage da notunan gindin karburato.

3. An yi ta taka totur, inji ya sha mai ya ƙi tashi. Ku maida cok, ku danne totur har ƙasa, ku riƙe shi haka, ku murɗa makulli. Kada ku wuce daƙiƙa 10 a murɗi guda, don batir ya huta.

Gyaran ralanti shi ne na ƙarshe. Sai inji ya yi zafi, cok a maide, buji da wuta lafiya. Kusoshi biyu ne a jikin karburato. Ɗaya na saurin inji, ɗaya na yawan mai. Ku juya ta mai sannu sannu, kwata-kwatan zagaye, har inji ya yi sauti mai daɗi ba kakkarwa. Sannan ku saisaita ta sauri, inji ya zauna wajen juyi 800 zuwa 900 a minti. Ku ƙidaya zagayen da kuka yi, don ku iya komawa in abin bai yi ba. Kada ku ɗaure ta mai da ƙarfi, bakinta tsini ne, yana lalacewa.

Hattara: ba taba, ba fitilar kwai kusa da karburato. Kada ku bar inji yana aiki cikin rufaffen ɗaki, hayaƙinsa yana kisa. In man kwalba kuka saya, ku tace shi da ƙyalle mai tsabta kafin ya shiga tanki.

Abin da ya gagare ku, ku kai ma makaniki tun kafin jajibirin kasuwa. Wanda ya iya karatu ya karanta ma direban garinku wannan takarda. Allah ya kai mu kasuwa lafiya, ya maido mu da riba.