Kashin jemage a kan bonet: jiƙa shi, kada ka kankare

Duk wanda ya taɓa ajiye mota kusa da gidan namun daji na Kumasi, gefen Kejetia, ya san aikin jemagu. Dubbai ne ke rataye a bishiyoyin wurin, da magariba su tashi su rufe sama, su bazu neman 'ya'yan itace a cikin gari. Da safe mai mota a Manhyia ko Aboabo ya fito ya tarar da bonet ta sha ɗige-ɗige. Daga nan ake fara ɓarna: wani ya sa farce, wani ya ɗauko busasshen tsumma ya hau dirza.

Fentin motar zamani hawa-hawa ne. Akwai shafen farko a kan ƙarfe, sai launi, sannan wani shafe garai kamar gilashi a sama, wanda masu fenti ke kira kiliya. Ita ce ke ba mota sheƙi, ita ke tare rana, kuma kaurinta bai kai na silin gashin kai ba. In ta tafi ba ta tsirowa. Sai dai a nufi Suame Magazine, unguwar masu gyaran mota, a sake feshi, kuma da wuya launin ya zo daidai da na kamfani.

Kashin tsuntsu da na jemage suna da tsami mai cin fenti, rana kuma na taya su. Idan bonet ta ɗau zafi kiliya kan yi laushi, in ta huce sai ta daskare da shatin kashin a jikinta. Don haka kada a bari ya wuni. A kai motar inuwa, a jiƙa tsumma mai laushi sharkaf, a shimfiɗa a kan tabon, a ba shi minti 10. Zai saki da kansa. A ɗage shi sama, kada a ja shi gefe, domin akwai tsakuwa da ƙwayar 'ya'yan itace a ciki, su ne ke barin zane.

Na taɓa ganin wani direban tasi a Alabar yana wanke farar motarsa da Omo da soson wanka na raga. "Alhaji, wannan soson fa?" na ce. Ya ce, "Malam, ai shi ke fidda datti." Gaskiyarsa, yana fiddawa, har da abin da ba a aike shi ba. Garin sabulu na kwashe kakin da aka shafa wa mota, soson kuma ya bar zane kamar saƙar gizo-gizo, wanda ba a gani sai rana ta haska. Sabulun mota ba shi da tsadar da ake zato, murfi ɗaya ya ishi bokiti.

Hunturu ma da tasa ɓarnar. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙura kan lulluɓe komai, yara su rubuta "wanke ni" da yatsa a kan but. Wannan ƙurar yashi ce, goge ta a bushe daidai yake da sa sanfefa. A fara kwarara ruwa tukuna.

Kwalta kuwa ruwa ba ya yi mata komai. A ɗiga kananzir kaɗan a tsumma, a dafa a wurin har ta narke, a wanke da sabulu nan take. Ƙaron bishiya na fita da sifirit da aka sirka da ruwa. Fararen ɗigon da ruwan rijiya ko na burtsatse ke bari idan ya bushe a rana, ruwan khal rabi ruwa rabi ya ishe su, sai a ɗauraye. Kowanne daga ciki a fara gwada shi a lungun da ido ba ya kaiwa, a kuma sake shafa kaki bayan an gama. Tina da man birki kada su kusanci fenti. In man birki ya zuba wajen gyara, a kwarara ruwa kafin a rufe bonet.

Wani tabon ya riga ya ci ciki. A ja farce a hankali a kansa: in bai maƙale ba, mai goge mota da ya san hannunsa zai iya share shi da man goge mai laushi. In ya maƙale, ko aka ga launin motar ya fito a jikin tsumma, an huda kiliya, ƙarin dirza faɗaɗa ramin kawai zai yi. Wannan aikin mai feshi ne, kuma gara a kai masa kafin ruwan Afrilu ya sauka tsatsa ta samu ƙofa.