Allon haruffa mai fitila: ya cancanci a saya?

Mene ne allon haruffa?

Kwamfuta ba ta da alƙalami. Mai son rubutu da ita sai ya danna haruffa da yatsunsa. Haruffan nan suna jere bisa wani faifai mai tsawo da ake kira allon haruffa. Da faransanci sunansa clavier. Kowane ɗan gida da ake dannawa shi ne madanni. Babban allo, irin na kwamfutar tebur, yana da madannai 104 ko 105. Na kwamfutar hannu, wadda ake naɗewa a sa a jaka, bai kai haka ba.

Allon haruffa ya girmi kwamfuta. Daga keken rubutu ta gaje shi. A Amurka, a shekarar 1874, kamfanin Remington ya fara sayar da keken rubutun da wani mutum mai suna Christopher Sholes ya tsara. Har yau jerin haruffan kwamfuta yana bin sawun na wannan keke.

Yanzu akwai allon da haruffansa suke haske cikin duhu. Shi ne allon haruffa mai fitila. Galibi ya fi maras fitila tsada. To, wannan ƙarin kuɗi yana biyan bukata, ko kuwa ado ne kawai?

Daga ina hasken yake fitowa?

A ƙarƙashin madannai akwai ƙananan ƙwayaye masu ba da haske. Kowane bai wuce ƙwayar gero ko ta dawa ba. Sunansu LED. Irinsu ne a cikin tocilan da ake sayarwa a kasuwa, da fitilun da ake caji da hasken rana. Ba su cin wuta da yawa, ba su zafi sosai, kuma suna daɗewa.

A shekarar 1962, wani masani na Amurka, Nick Holonyak, ya ƙera LED mai jan haske. Sai a farkon shekarun 1990 masana uku daga Japan, Akasaki da Amano da Nakamura, suka samo mai shuɗin haske. Daga shuɗin nan ne aka sami hanyar yin farin haske. An ba su kyautar Nobel a shekarar 2014. A shekarar 2003 kamfanin Apple ya fito da wata kwamfutar hannu mai irin wannan allo. Daga baya sauran kamfanoni da yawa suka bi.

Allo mai kyau, ana yin madannansa da roba mai barin haske ya ratsa. A shafe robar da baƙin fenti, sa'an nan a kankare siffar harafin. Idan ƙwan da ke ƙasa ya kama, sai haske ya fito ta wurin da aka kankare, harafin ya bayyana sarai. Kamar a huda ƙwarya ne a kife ta bisa fitila: haske ba ya fita sai ta hudojin.

Dare a Junju

Junju, wanda ake rubutawa Dioundiou a takardun gwamnati, yana cikin jihar Doso, arewa da Gaya, kusa da iyakar Najeriya. Da can yana ƙarƙashin Gaya. A shekarar 2011 ya zama gunduma mai cin gashin kanta, tare da Karakara da Zabori. Inda aka sami gunduma, aikin takarda yakan ƙaru: takardun haihuwa, sunayen ƴan makaranta, lissafin magani a gidan likita. Da yawa daga wannan aiki da kwamfuta ake yin sa yau.

A wannan yanki rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 6 da rabi zuwa ƙarfe 7, kuma duhu ba ya jinkiri. Wutar lantarki kuwa ba ta kai kowane gida ba. Bisa lissafin Bankin Duniya, a shekarar 2022 kusan mutum 1 cikin 5 ne yake da lantarki a Nijar. A ƙauyuka abin ya fi haka ƙaranci.

Ko inda wayoyin kamfanin NIGELEC suka kai, wuta takan ɗauke. Shekara da shekaru Nijar tana sayen babban kaso na wutarta daga Najeriya. A watan Agusta na 2023 Najeriya ta katse wutar, ba ta maido ba sai a watan Maris na 2024. A watannin nan garuruwa da yawa sun sha duhu. Nijar tana da tashoshin hasken rana, kamar ta Malbaza da aka buɗe a 2018, da ta Goru Banda kusa da Yamai da ta fara aiki a 2023. Duk da haka, mai aikin dare ya san duhu na iya riskar sa a tsakiyar aiki.

Idan wuta ta ɗauke, kwamfutar tebur takan mutu nan take, in ba a haɗa ta da batir ba. Allonta ma sai ya mutu, ko da mai fitila ne, domin daga jikinta yake shan wuta. Kwamfutar hannu kuwa tana da batirinta. Fuskarta tana ci gaba da haske, amma madannai suna cikin duhu. A nan ne fitilar allo take nuna amfaninta.

Wa take yi wa amfani?

Tana amfani ga ma'aikacin jinya mai kwanan aiki. Yana so ya rubuta sunan maras lafiya da maganin da aka ba shi, amma ba ya so ya kunna babbar fitila ya tada masu barci.

Tana amfani ga ɗalibin da ke kwana ɗaki ɗaya da ƙannensa. Yana iya karatu har dare ya yi nisa, ba tare da ya dami kowa ba.

Tana amfani ga mai rubuta lambobi da alamomi. Ko gwanin rubutu yakan duba allo idan yana neman alamar da ba a cika amfani da ita ba. A cikin lissafin kuɗi ko na magani, danna 8 maimakon 9 ba ƙaramin kuskure ba ne.

Tana amfani kuma ga dattijon da ganinsa ya ragu, domin farin harafi bisa baƙin madanni ya fi sauƙin gani.

Abin da fitilar ba ta iya yi

Na farko, madannai kaɗai take haskawa. Ba ta haska littafi, ba ta haska takardar da ke gefe. Alhali yawancin aikin ofis da na makaranta kwafa ne daga takarda zuwa kwamfuta. Malamin da ke shigar da makin ƴan ajinsa dole ya ga rajista. Idan ya kunna fitila domin ya ga rajista, fitilar nan za ta haska masa madannai ma. Ke nan fitila ɗaya ta yi aiki biyu.

Na biyu, ba ta hana ido gajiya. Ƙwayar ido tana buɗewa cikin duhu, tana tsukewa cikin haske. Mai kallon fuskar kwamfuta mai ƙyalli a ɗaki mai duhu ƙirin yana wahalar da idonsa. Sai ido ya yi yaji, wani lokaci kai ya yi ciwo. Maganin wannan shi ne a sa ɗan haske a ɗakin, a rage ƙyallin fuskar kwamfuta. Likitocin ido suna ba da shawara kuma: bayan kowane minti 20, a ɗaga kai a dubi abu mai nisa na daƙiƙa 20.

Na uku, ba ta nuna harafin da babu shi. Hausa tana da haruffa masu ƙugiya: ɓ, ɗ, ƙ, ƴ. Ba a rubuta su bisa allon da ake sayarwa a kasuwa ba. Kafin a same su sai an sa wa kwamfuta wani tsari na musamman, irin su Keyman, sa'an nan a haɗa madannai biyu a sami harafi ɗaya. Wannan haɗi a ka ake riƙe shi. Kome hasken allo, ba zai raba wa mutum «kafa» da «ƙafa» ba, ko «dauka» da «ɗauka». Ilmin mai rubutu ne ke rabawa.

Na huɗu, da rana ba ta da aiki. A ƙarƙashin rumfa ko a aji mai taga, ba a ma ganin haskenta. Da damina kuma, kowane haske cikin duhu yana kiran ƙwari, su faɗa tsakanin madannai.

Lissafin wuta

Ana auna ƙarfin wutar da na'ura ke ci da wat. Fitilar allo ba ta da ci. Kafar USB ta tsohon yayi, inda ake soka wayar allo, ba ta ba da fiye da wat 2 da rabi. Allo da fitilarsa duka a cikin wannan suke ci.

Amma ga mai dogara da batir, kaɗan ma abin lissafi ne. Ga misali. A ce batirin wata kwamfuta yana riƙe da wutar da za ta ba da wat 40 na awa ɗaya. A ce kwamfutar tana cin wat 10. Za ta yi aiki awa 4, domin 40 a raba 10 shi ne 4. A ce an kunna fitilar allo, ta ƙara wat 1. Yanzu ci ya zama wat 11. Idan aka raba 40 da 11, za a sami kusan awa 3 da minti 38. An yi hasarar minti 22 ke nan.

Minti 22 ba kome ba ne ga mai wuta a gida. Amma ga wanda sai gobe zai kai kwamfutarsa wurin masu caji, yana iya zama shafi guda da bai ƙare ba. Shi ya sa ake rage hasken, ko a kashe shi idan ba a bukata. Fuskar kwamfuta ta fi fitilar allo cin wuta nesa ba kusa ba, saboda haka rage ƙyallinta ya fi kome tsimin batir.

Yatsu masu ido

Akwai wata fitila da ba a saye da kuɗi, ba ta kuma cin batir. Ita ce sabon yatsu.

A kan madannin F da na J akwai ɗan tudu ƙarami, kamar ƙwayar shinkafa a kwance. An yi shi ne domin yatsa ya ji shi ba sai ido ya gani ba. Manuniyar hagu tana zama bisa F, manuniyar dama bisa J. Sauran yatsu su jeru kusa da su. Manyan yatsu biyu su tsaya bisa dogon madannin da ke raba kalmomi. Daga wannan mazauni kowane yatsa yake zuwa ya danna haruffansa, ya komo.

Masu aiki da keken rubutu a ofisoshin da, haka suka koya. Idonsu yana bisa takarda, yatsunsu suna aiki. Masaƙi ma ba ya duban ƙafarsa, mai tuƙa igiya ba ya duban tafinsa. Yaron da ya yi wannan horo na ɗan lokaci kowace rana, sannu a hankali yatsunsa za su san hanya. Wanda ya kai nan, duhu da haske kusan ɗaya ne gare shi, kuma ya fi mai neman haruffa ɗaya ɗaya sauri.

In za a saya

Wanda ya auna aikinsa ya ga yana bukatar allo mai fitila, to, ya lura da abubuwa biyar.

1. Ya duba jerin haruffa. Allon Faransa yana farawa da AZERTY, yana da é, è, ç da à. Allon masu turancin Ingilishi, irin wanda aka fi samu a Najeriya, yana farawa da QWERTY, ba shi da su. Mai rubuta faransanci kullum, na farkon ya fi masa sauƙi.

2. Ya gwada hasken tun a kanti. Ya rufa wa allon mayafi ya leƙa. Idan haske yana fita ta gefen madannai kawai, haruffa suna nan baƙi, to, ado ne.

3. Ya tabbata ana iya rage hasken, ana iya kashe shi.

4. Kada launuka su ruɗe shi. Allon da ke canza ja da kore da shuɗi an yi shi ne domin masu wasa. Farin haske mai laushi ya isa aiki.

5. Ya tanadi ƙyallen rufewa. Ƙurar hunturu tana shiga ƙarƙashin madannai, ta hana su aiki, ta dushe hasken.

Abin riƙewa

Allon haruffa mai fitila yana da amfani ga mai aikin dare da kwamfutar hannu, wanda ba ya son kunna fitilar ɗaki. Idan aka sami kwamfuta mai kyau, batirinta lafiya, kuma tana da wannan fitila, madalla. Amma ba a barin kwamfuta mai ƙarfin batir a ɗauki mai raunin batir domin haske.

Ga makaranta ko gidan da kuɗinsu ƙalilan ne, abin da ya kamata a fara saye shi ne fitila mai caji da hasken rana. Tana haska allo, tana haska littafi, tana haska ɗaki, yara da yawa su yi karatu kewaye da ita. Bayan ita sai koyon rubutu da yatsu goma. In kuɗi ya saura, sa'an nan a yi zancen allo mai fitila.

Tambayoyi

1. Yaya haske yake fitowa ta cikin harafin madanni?
2. Me ya sa fitilar allo ba ta amfani ga kwamfutar tebur idan wuta ta ɗauke?
3. Faɗi mutum uku da wannan fitila take yi wa amfani.
4. Waɗanne haruffan Hausa ne ba a samu bisa allon kasuwa?
5. Mene ne amfanin ɗan tudun da ke bisa F da J?

Lissafi

Batir yana riƙe da wutar da za ta ba da wat 60 na awa ɗaya. Kwamfuta tana cin wat 12. Awa nawa za ta yi? Idan fitilar allo da ƙyallin fuska suka ƙara wat 3, awa nawa za ta yi?

Aiki

A zana allon AZERTY bisa kwali, da girmansa na gaskiya. A manna ƙwayar dawa bisa F, wata bisa J. A rufe ido, a ɗora yatsu, a nemi haruffan waɗannan kalmomi: rake, giginya, Gaya, makaranta.