Daga Tirmini zuwa Majalisar Ɗinkin Duniya: yadda waƙa da fim suke kai kuka nesa

Duk matafiyin da ya tashi daga Matamai zai je Damagaram ta babbar hanya, sai ya bi ta Kance da Takeita, sa'an nan ya ratsa Tirmini. A wannan wuri ne, a ƙarshen watan Yuli na shekarar 1899, mayaƙan Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga suka tari rundunar Faransa. Bindigogin zamani suka rinjaye su, birni ya faɗa hannun baƙi, shi kuma sarki aka kashe shi a watan Satumba. Bayan shekara ɗari da ashirin da biyu, labarin ɓarnar wannan runduna ya isa gaban Majalisar Ɗinkin Duniya. Bakin dattawa ne ya adana shi, fim kuma ya ɗauke shi ya kai can.

ABIN DA YA FARU A 1899

Rundunar ta taso daga bakin kogin Kwara a watan Janairu na 1899, ƙarƙashin hafsoshi biyu, Paul Voulet da Julien Chanoine, da nufin isa tafkin Cadi. Duk inda ta bi sai ƙone gari, da kwashe hatsi, da kama bayin Allah su yi dako. A watan Afrilu ta gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu. A watan Mayu ta auka wa Birnin Ƙonni, ta yi kisan da har yau ba a manta ba. Da labari ya kai Faransa, aka turo Kanal Klobb ya karɓi shugabanci, amma Voulet ya sa aka harbe shi ran 14 ga Yuli kusa da Ɗankori. Bayan ƴan kwanaki sojojin da kansu suka kashe hafsoshin biyu a wajen Maijirgi, a ƙasar Tasawa. Sauran rundunar ce ta ci gaba har Tirmini.

A Faransa an binciki maganar, aka ajiye takardun, aka ce zafin Afirka ne ya juya wa hafsoshin hankali. A garuruwan da aka ƙone kuwa babu takarda. Kakanni suka riƙa gaya wa jikoki, makaɗa da maroƙa suka riƙe sunayen mazan da suka tsaya. To, amma kukan da bai wuce bakin gari ba, wa zai ji shi a ƙetare?

WAƘA BA TA BIYAN DUWAN

Mutanen Matamai, da suke zaune kan hanyar Daura da Kano, sun san iyaka tana tsai da mota da buhun gyaɗa, amma ba ta tsai da waƙa. An ga haka a zamanin neman ƴanci. A Kano an kafa jam'iyyar NEPU a 1950, mawaƙa irin su Mudi Sipikin da Gambo Hawaja suka riƙa tsara waƙoƙi a kan zaluncin da ake yi wa talaka, ana rera su a wurin taro, wanda bai iya karatu ba ya haddace ya kai ƙauyensu. Kalmar sawaba ta zama take a can, a nan Nijar kuma ta zama sunan jam'iyyar Djibo Bakary, wadda ta ce a'a a ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958. Da aka haramta jam'iyyar a 1959, da yawa daga ƴaƴanta a Kano suka sami mafaka. Turawa biyu ne suka raba ƙasar, amma harshe ɗaya ne, kukan ma ɗaya.

Sai dai waƙar Hausa tana tsayawa inda masu jin Hausa suka ƙare. Wanda zai kai kuka gaban duniya sai ya haɗa murya da hoto.

DARASIN AFIRKA TA KUDU

A 1959 wani Ba'amurke, Lionel Rogosin, ya fitar da fim mai suna Come Back, Africa. Ya ɗauke shi ne a asirce a Johannesburg, bayan ya ɓoye wa hukumar wariyar launin fata ainihin nufinsa. Fim ɗin ya nuna yadda baƙin mutum yake rayuwa da takardar izinin yawo a ƙasar haihuwarsa. A cikinsa wata matashiya ta yi waƙa, sunanta Miriam Makeba. Ta tafi birnin Banis na Italiya wurin nuna fim ɗin, da ta nemi komawa gida jana'izar mahaifiyarta a 1960, sai ta tarar an soke fasfonta. A 1963 ta tsaya gaban kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da shaida, hukumar ƙasarta kuma ta hana sayar da faya-fayanta. Sai a 1990 ta sake taka gida.

Wasu suka bi sawunta. Bayan kisan ƴan makaranta a Soweto ran 16 ga Yuni 1976, Sonny Okosun na Nijeriya ya yi waƙar Fire in Soweto, wadda ta zagaya Afirka. Ran 11 ga Yuni 1988 mawaƙa suka taru a filin Wembley na Landan don cikar Nelson Mandela shekara 70 yana kurkuku, aka nuna taron a telebijin a ƙasashe fiye da sittin. An saki Mandela ran 11 ga Fabrairu 1990. Gwagwarmayar mutanen ƙasar ce ta karya wariya, da jininsu da yajin aikinsu. Aikin waƙa da fim shi ne sun hana sauran duniya ta ce ba ta sani ba.

LABARIN 1899 YA FITA WAJE

Abdoulaye Mamani, tsohon ɗan Sawaba da ya yi gudun hijira a Aljeriya, ya buga littafinsa Sarraounia a 1980. Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya mai da shi fim a 1986, an ɗauke shi a Burkina Faso, ya kuma ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Wannan fim na wasa ne, ƴan wasa suka fito a madadin mutanen da.

A 2020 aka sami fim na shaida, African Apocalypse, wanda Rob Lemkin na Ingila ya shirya. Femi Nylander, matashin mawaƙi ɗan Ingila mai asali da Nijeriya, shi ya bi hanyar rundunar gari bayan gari, tare da ƴan ƙasa biyu, Amina Weira da Assan Ag Midal. A nan jikokin waɗanda aka kashe ne suka yi magana da bakinsu, suka nuna wuraren da abin ya faru. An nuna fim ɗin a bikin fina-finai na Landan a 2020, gidan BBC ya sa shi a 2021, sa'an nan aka juya shi da Hausa, tashar Arewa24 ta Kano ta nuna shi a 2022. Ta haka labari ya fita waje, ya kuma komo wurin masu shi da harshensu.

A 2021 wakilan al'ummomin da abin ya shafa, da taimakon lauya, suka kai kokensu ga mai bincike na musamman na Majalisar Ɗinkin Duniya kan gaskiya da adalci da diyya. Suka nemi Faransa ta amsa laifi, ta buɗe takardun tarihi, ta mai da kayan da aka kwashe. A 2025 Faransa ta ba da amsa a rubuce. Ta ce a shirye take ta tattauna da hukumomin Nijar, amma ba ta ɗauki alhaki ba, ta kafa hujja da cewa dokokin duniya na yanzu ba su hawa kan abin da ya riga su.

AIKIN DA YA RAGE

Wannan amsa ba ta share hawaye ba. Duk da haka, maganar da aka rufe fiye da ƙarni guda ta sa gwamnatin wata babbar ƙasa ta ɗauki alƙalami, kuma ƙarfin koken daga shaidar dattawa ya fito. Fim ɗaya ba ya iya shiga kowane gari. A ƙasar Kance da Magarya da Mirya akwai tsofaffi da suka ji labarin zuwan Turawa, da aikin tilas, da haraji, daga bakin iyayensu, akwai kuma makaɗan da suka gaji waƙoƙin wancan zamani. Kowace shekara wasunsu suna riga mu gidan gaskiya.

Ya kamata malaman makaranta, da waɗanda suka iya rubutun Hausa, da gidajen rediyon karkara su zauna da waɗannan dattawa, su ɗauki muryarsu, su rubuta sunan mai magana da garinsu da ranar da aka yi hirar. Hukumomin gunduma kuma su tanadi wurin ajiya inda ruwa da gara ba za su ci ba. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Shaida ma haka take, kuma ranar da za a sake nemanta, sai wadda aka adana za a samu.