Ɗan Kyanwa Ba Shi da Rai Tara

Bahaushe ya daɗe da yi wa kyanwa shaidar taurin rai. Ya ce rai tara gare ta, ya lura da kwanciyarta mai ɗaukar rai, ya kuma san tuban muzuru, kaza a baki. Amma duk waɗannan kirarin babba ne. Jaririnta ba shi da ko ɗaya a ciki, kuma sunan da uwarsa ta yi shi ke sa mutane su wuce shi yana kuka a bayan rumbu, suna cewa ai ɗan mage ba ya mutuwa.

Yana mutuwa, kuma da sauri. Bayan kimanin kwana 65 a ciki, ana haifarsa ido a rufe, kuma idon kan buɗe ne bayan kwana 7 zuwa 10. A makonni ukun farko jikinsa ba ya riƙe ɗumi, ko fitsari da kashi ba ya yi sai uwar ta lashe masa mara. Don haka wanda ya tsinci maraya ya fara ɗumama shi a tsumma kafin ya ba shi komai, domin cikin da ya yi sanyi ba ya narkar da abinci. Sai a ba shi madarar jariran kyanwa da sirinji marar allura duk awa biyu zuwa uku, yana kwance rub da ciki, a kuma shafa masa mara da auduga mai ɗumi. Nonon saniya zawo yake sa shi.

Ana cewa idan mutum ya taɓa ɗan kyanwa, uwar za ta ji warin hannu ta cinye shi. Gaskiya ne akan sami wadda ta ci ɗanta, amma galibi wanda ya zo a mace ne ko marar lafiya, ko kuwa yunwa da firgici sun yi mata yawa. Abin da ta saba yi idan an dame ta shi ne ta ɗauke 'ya'yanta a ƙeya ɗaya bayan ɗaya ta canza musu maɓoya. Saboda haka idan an tarar da su ba uwar, a dakata daga nesa na wasu awanni, watakila farauta ta tafi. Idan ba ta dawo ba, ga su sun yi sanyi, tsoron taɓa su shi ne zai kashe su.

Wani zai ce mutane ma ba su ƙoshi ba, ina ta mage? Amsar tana cikin addininmu. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare da yunwa, kuma ɗan kyanwa ne ya ba Abu Huraira laƙabinsa. Tausayi ba ya ƙarewa don an raba shi, kuma wannan maraya shi ne zai tsare hatsin gida daga ɓera gobe. Wanda ba zai iya reno ba ya kai shi asibitin dabbobi, ko ya tallafa wa masu tsugunar da irinsu da madara, magani ko kuɗi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kowa ya kawo abin da zai iya.