DAKATAR DA HUKUNCI KAFIN A JI ƊAUKAKA ƘARA

Mutane da yawa suna tsammani da zarar wanda aka kayar a shari'a ya ɗaukaka ƙara, shi ke nan hukunci ya tsaya. To, ba haka abin yake ba. Ɗaukaka ƙara daban, dakatar da zartar da hukunci daban, kowanne sai an roƙe shi. Wanda bai roƙi na biyun ba, yana iya samun gaskiya a babbar kotu bayan an riga an yi masa abin da ba shi gyaruwa. Ga misali daga ƙasar Katsina ta kudu.

A cikin watan Maris 2002, Kotun Shari'a ta Bakori, garin da ke tsakanin Funtuwa da Malumfashi, ta yanke wa wata mutuniyar Kurami, Amina Lawal, hukuncin jefewa, don ta haihu bayan aurenta ya mutu. Ta ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotun Shari'a ta Funtuwa. A watan Yuni kotun nan ta ba da umurni kada a zartar da hukuncin sai Janairu 2004, watau sai ta yaye 'yarta. Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne ga malamanmu, gama a fiƙihu ba a jefe mai ciki sai ta haihu, mai goyo kuma sai an yaye ɗan ko an sami mai shayar da shi.

Ran 19 ga Agusta 2002 kotun Funtuwa ta tabbatar da hukuncin Bakori. Aka sake ɗaukakawa zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina. Ran 25 ga Satumba 2003 alƙalai 4 daga cikin 5, har da Alƙalin Alƙalai Aminu Ibrahim, suka rushe hukuncin. Daga cikin dalilansu akwai cewa alƙalin Bakori ya zauna shi kaɗai, alhali doka ta ce ya zauna da mataimaka biyu. Sa'an nan wanda ya yi iƙirari a kan haddi yana da ikon janyewa. Bayan haka cikin yana iya zama kwantacce na tsohon mijinta, gama Malikiyya ta yarda ciki yakan kwanta har shekara 5.

Mai karatu ya lissafa da kansa. Daga hukuncin farko zuwa na ƙarshe wata 18 ne. Da an hanzarta a Bakori, wa alƙalan Katsina za su sallama?

A maƙwabta kuwa an ga ɗaya fuskar. A Tsafe ta ƙasar Zamfara, kan hanyar Funtuwa zuwa Gusau, an yi wa wata yarinya bulala 100 a Janairu 2001, lauyoyi suna cikin shirin ɗaukaka mata ƙara. Bulala in ta sauka, babu kotun da ke iya ɗauke ta.

Kada a ce wannan magana ta haddi ce kaɗai. Yawancin shari'o'in manoma na gona ne, da gado, da bashi. A ce alƙali ya ba wani gona ana dab da tsinkar auduga, wanda ya shuka kuwa ya ɗaukaka ƙara. In ba a dakatar ba, kafin a zauna an tsinke, an kai kasuwa, kuɗin sun shige. Amma fa shi ma wanda ya ci shari'a yana da hakki, ba a hana shi amfanin hukuncinsa haka kawai. Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta bayyana ma'aunin a 1972, cikin shari'ar Vaswani da Savalakh: ba a dakatarwa sai da dalili na musamman, kamar in zartarwa za ta hallaka abin da ake jayayya a kansa, har nasarar mai ɗaukaka ƙara ta zama banza. Saboda haka a shari'ar kuɗi sau da yawa kotu takan sa a ajiye kuɗin a hannunta, kowa ya jira.

Malaman makaranta da akawuna, ku ne talaka ya kan kawo wa takarda ku karanta masa. In ya zo, ku gaya masa abu uku. Ya ɗaukaka ƙara cikin kwanakin da doka ta yanka, kada ya ce sai an gama kaka. Ya roƙi dakatarwa a rubuce, yawanci tun a kotun da ta yi hukuncin, in ta ƙi ya kai gaba. Ya kuma faɗi ainihin abin da zai salwanta in ba a jira ba. Ma'aikacin kotu kuwa, in takardar dakatarwa ta iso hannunsa, ya isar da ita ran nan, kada ta kwana a aljihun tebur. Allah ya sa mu dace.